Dararen da Direba Yake Sayarwa, Nasa Ne Shi Kaɗai?



Makonni uku da suka wuce, bayan mun idar da sallar isha'i, na lura wani matashi ya ƙi tashi. Jama'a sun watse, ladan har ya fara kashe fankoki, shi kuwa yana zaune a sahun baya yana juya hularsa a hannu. Na san shi, yaron unguwa ne. A gabana aka ɗaura masa aure shekara uku da suka wuce, 'yarsa ɗaya, matar kuma tana da tsohon ciki. Shekara shida ya yi yana yaron mota. Shi ne wanki, shi ne ɗaure tamfol, shi ne sa dutse a bayan taya in an tsaya a gangara, shi ne kwana a ƙarƙashin tirela yana gadin kaya. Bana Allah ya nufa ya samu lasisin tuƙa babbar mota.

Ya ce, "Malam, fatawa nake nema, amma ban sani ba ko abin na fatawa ne."

Kamfani biyu ne suka neme shi. Na farko rarraba kaya yake yi daga sito a nan Kano zuwa garuruwan kusa, su Wudil, Bichi, Gwarzo, Kazaure, in an yi nisa Dutse. A fita bayan asuba, a dawo tsakanin magariba da isha'i. Albashi naira 120,000. Na biyu dogon zango ne, Kano zuwa Legas, wani lokaci Fatakwal. In aka haɗa albashi da kuɗin sawu, sun ce masa zai iya tashi da 250,000 a wata. Kwanan gida kuwa kwana huɗu a wata, "in hanya ta yi kyau."

Sai ya ce, "To Malam, wanne Allah ya fi so?"

Wallahi amsa tana bakina. Duk wanda ya saba hawa mumbari ya san irinta: ka yi ƙana'a, duniya ba matabbata ba ce, iyali sun fi kuɗi, kaɗan mai albarka ya fi mai yawa marar albarka. Duk gaskiya ne, babu ƙarya a ciki ko ɗaya. Amma na haɗiye ta, saboda na tuna ni da zan faɗe ta a gidana zan kwana a daren nan, kuma ba ni ne zan tsaya gaban mai gidan haya a ƙarshen shekara ba. Na ce masa ya ba ni kwana biyu. Abin da zan rubuta a nan shi ne abin da na yi ta juyawa a kwana biyun nan da bayansu, don na san ba shi kaɗai ne a wannan mararraba ba.

Mu fara da yi wa kuɗi adalci, domin mu masu wa'azi mun cika raina shi da baki. Ciyar da iyali wajibi ne, ba nafila ba. Ci, sha, sutura, wurin kwana, duk a wuyan miji suke, kuma ya tabbata a hadisi cewa dinarin da mutum ya kashe wa iyalinsa ya fi lada a kan wanda ya bayar sadaka ga miskini, ya fi ma wanda ya 'yanta bawa da shi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, duk magidanci ya san yadda kwanon shinkafa da kuɗin asibiti suka koma. Mafi ƙarancin albashi da gwamnati ta sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, kuma babu wanda zai rantse maka yana riƙe gida mai mutum huɗu. Saboda haka yaron da ya kalli 250,000 zuciyarsa ta motsa ba kwaɗayayye ba ne. Yana da uwa mai shan maganin hawan jini, yana da ƙanne biyu a makaranta, ga haihuwa tana tafe. Mijin da yake zaune a gida kullum amma tukunya ba ta hau wuta ba, shi ma akwai wani haƙƙi da ya tauye, kuma matarsa ba za ta dafa zamansa ta ba yara ba.

To amma kafin a ce kuɗi ya fi ko gida ya fi, sai a san me ake saya, me ake sayarwa.

Daga Kano zuwa Legas ya haura kilomita 1,000. Tirela mai lodi, a dokar hanya, gudunta bai kamata ya wuce kilomita 50 zuwa 60 a awa ba. Ka ga ke nan ko da babu rami, babu shinge, babu tsayawa, tuƙi zalla ya kusa awa ashirin. Kuma babu wanda ya taɓa samun hanyar a haka. Ka bi ta Zariya ka shiga Kaduna, daga nan ko ka yi ta Birnin Gwari da Tegina, hanyar da direbobi da yawa suka ƙaurace wa saboda 'yan bindiga, ko ka bi ta Tafa ka karya ta Lambata da Bidda ka faɗa Mokwa, ka haye gadar Jabba, Ilori, Ogbomosho, Oyo, Badun, sannan Legas. Mota ɗaya ta faɗi ta tare hanya da damina, sai a kwana biyu a wuri ɗaya. Ka isa Apapa ka shiga layin lodi, nan ma Allah kaɗai ya san ranar fita. Wani ƙarfe ya karye a daji, sai an aiko da shi daga Kano ko Legas, bakanike ya zo ya ɗaura.

Ga inda gizo yake saƙar: kuɗin sawu ba ya biyan kwanaki, isowa yake biya. Kwana biyar da ka yi a layi ba a lissafa maka su a matsayin aiki ba, ba kuma ka yi su a gida ba. Sun tafi ne kawai. Kuma "kwana huɗu in hanya ta yi kyau" ma'anarsa shi ne duk abin da hanya ta ci, daga kwanakin gida za a cire shi, ba daga na kamfani ba. Wannan ba halin Najeriya kaɗai ba ne. A Amurka yawancin direbobin dogon zango da mil ake biyansu, kuma sabon direba yakan yi mako biyu ko uku a hanya kafin ya samu 'yan kwanaki a gida. Manyan kamfanoninsu na dogon zango sun yi shekaru adadin direbobin da suke sauyawa a shekara yana kai kusan kashi 90 cikin 100. Doka a can ta hana direba ya wuce awa 11 yana tuƙi ba tare da ya huta awa 10 ba, a Tarayyar Turai kuma awa 9 ne a rana, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Ba don tausayin matan direbobi suka kafa waɗannan dokoki ba. Sun gano ne cewa duk inda aka ɗaura kuɗi a kan nisan tafiya, barci ne abu na farko da direba yake sayarwa. In barci ya ƙi sayuwa sai a nemo abin da zai kore shi, kuma duk mun san sunayen ƙwayoyin da ake sayarwa a tasha.

Da yaron ya dawo, na ɗauko biro da takarda. Na ce, "Ƙanina, mu yi lissafin 'yan kasuwa tukuna kafin na malamai." Bambancin albashi biyun 130,000 ne. Dararen da zai yi ba a gida ba, 26 a wata. Raba ka gani: kowane dare naira 5,000. Na tambaye shi nawa direba yake ci a hanya a rana, in ya tsuke bakin aljihu. Ya ce 2,500 in bai yi almubazzaranci ba. Wato rabin ribar ya tafi a teburin mai shayi da mai abinci, tunda yanzu tukunya biyu yake riƙewa, ɗaya a gida ɗaya a hanya. Saura 65,000. Dare ɗaya 2,500 ke nan.

Ya yi shiru yana kallon takardar. Can ya ce, "Malam, amma 65,000 ɗin nan fa kusan albashin wani ne." Na ce ƙwarai kuwa, kuma ba zan raina ta ba. A shekara ta haura 700,000. Kuɗin haya ne har da canji. Sai ya ƙara da wata magana ƙasa-ƙasa, wai direbobi sukan ce albashi ba shi ne kuɗin ba, hanya ce kuɗin. Na gane abin da yake nufi: ɗaukar fasinja a saman kaya ba da sanin mai mota ba, tsiyayar gas a sayar a bakin titi, ɗora lodin da ba ya cikin takarda. Na ce masa wannan kam ba sai na nemi kwana biyu ba. Amana ce aka ba ka, abin da ka ci a cikinta ba da izini ba haramun ne, cire shi daga lissafi gaba ɗaya. In aikin ba ya biya sai da wannan, to aikin ba ya biya.

Amma lissafin nan duka bai taɓa ainihin abin da ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne: yaron nan yana magana kamar dararen nan 26 kayansa ne, ya ga dama ya sayar, ya ga dama ya ajiye. Ni kuma iya abin da na karanta, shari'a ba haka take kallonsu ba.

Duba kissar da aka ruwaito ta zamanin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda. Wata mata ta zo ta ce masa mijinta yana wuni da azumi, yana kwana da sallah. Umar ya ɗauka yabo ne, ya yaba wa mijin. Ka'abu ɗan Suru yana zaune, ya ce ya Amirul Muminina, ai ƙara ta kawo. Umar ya ce to tunda kai ka gane, kai za ka yi hukunci. Ka'abu ya hukunta cewa tana da dare ɗaya a cikin kowane huɗu, kamar a ce tana da kishiyoyi uku, sauran ukun ya yi ibadarsa. Umar ya ji daɗin hukuncin har ya naɗa shi alƙalin Basra. Ka tsaya ka yi tunani a nan. Mutumin nan ba yawon banza yake tafiya ba, ba ma neman kuɗi ba, tsayuwar dare yake yi. Duk da haka ba a bar ibadarsa ta haɗiye haƙƙinta ba. Dare ɗaya cikin huɗu kuwa ya kama bakwai ko takwas a wata. Kamfanin da ya kira ƙanin nan nawa huɗu ya yi alkawari, su ma da sharaɗi.

Malamanmu na Malikiyya ba su wajabta wannan adadin ga mai mace ɗaya ba, sun ɗora abin ne a kan cutuwa. Amma a babin wanda ya yi doguwar tafiya sun fi kowa tsanani ta wata fuska: in miji ya yi shekara ko fiye ba ya nan, matar ta kai ƙara cewa tana cutuwa, alƙali zai aika masa, ko ya dawo, ko ya ɗauke ta zuwa inda yake, ko ya sauwaƙe mata. In ya ƙi, alƙali ya raba auren. Kuma wannan ko da kuɗin cefane yana zuwa kowane wata ba fashi. Hanbaliyya suka sa wata shida, suna kafa hujja da abin da Umar ya yi bayan ya ji wata mata cikin dare tana kukan rashin mijinta da ya tafi yaƙi, ya tambayi 'yarsa Hafsa iya tsawon lokacin da mace za ta iya haƙuri, sannan ya iyakance wa mayaƙa wa'adin da za su yi ba su dawo gida ba. Wanda ya rantse ba zai kusanci matarsa ba ma, a Suratul Baƙara wata huɗu aka ba shi, ko ya dawo ko ya saki.

Wani zai ce Malam, ai direba ba ya wata shida, duk wata yana leƙowa. Haka ne, kuma shi ya sa ban ce aikin haramun ne ba. Duka ayyukan biyu halal ne, babu alƙalin da zai kama shi. Abin da nake ciro wa daga waɗannan hukunce-hukunce abu ɗaya ne: shari'a ta ware zaman miji a matsayin haƙƙi mai zaman kansa, daban da ciyarwa. Biyan ɗaya ba ya sauke ɗayan. Kuma ta nuna mai haƙƙin. Lokacin da Uwar Muminai Sauda ta manyanta, ita ce ta ba wa A'isha kwananta kyauta, domin nata ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a ciwonsa na ajali sai da ya nemi izinin matansa kafin a yi jinyarsa a ɗakin A'isha. In shugaban halitta, yana cikin wannan hali, bai ɗauki daren wata ya ba wata ba sai da yardar mai shi, yaya ni da kai za mu ɗauki darare 26 mu miƙa wa kamfani, mu sa hannu, sannan mu dawo gida mu ba da sanarwa?

Na tambayi yaron, "Ka yi magana da maiɗakinka?" Ya ce ya gaya mata. Na ce ban ce ka gaya mata ba, na ce kun yi magana? Ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Akwai hujjar da na san za a kawo mini a ƙarƙashin wannan rubutu, gara in kawo ta da kaina. Za a ce kakanninmu fatake ne. Sun kora jakuna daga Kano har Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, wani lokaci shekara ta zagayo ba su dawo ba, kuma gidajensu ba su rushe ba. Za a ce ci-rani al'adarmu ce, zomo ba ya kamuwa daga zaune. Za a ce Ƙuraishawa suna da tafiyar hunturu da ta bazara, shi kansa Manzon Allah ya je Sham da dukiyar Nana Khadija. Duk na yarda. Amma farken da ya tafi Gwanja a babban gida ya bar matarsa, ga surukarta, ga faccaloli, ga ƙannen miji da za su kai yaro wurin mai magani cikin dare, ga rumbu a tsakar gida. Ayarin kansa akwai mata a ciki, kuma da yawa daga cikin fataken da tafiya ta zame musu rayuwa sai suka kafa zango suka zauna da iyalansu a can, shi ya sa har yau akwai unguwannin zango a Gana. Ɗan ci-rani kuma yana da damina, wata huɗu ko biyar yana gida yana noma. Yaron da ke gabana fa? Ɗaki ɗaya da falo a gidan haya, maƙwabtan da bai fi shekara da saninsu ba, yarinya 'yar shekara ashirin da ɗaya da goyo da ciki, kuma aikin babu damina babu rani. Sunan tafiyar ɗaya ne, amma abin da ake bari a baya ya canza.

A nan dole in faɗi wani abu a kaina, don kada in zama mai nuna yatsa. Ɗana na fari ina ƙasar Larabawa wurin karatu aka haife shi. A waya na ji kukansa, a waya na faɗi sunan da za a raɗa masa. Da na dawo hutu yana da wata tara, na miƙa hannu zan ɗauke shi, ya ƙanƙame uwarsa yana tsala ihu kamar ya ga baƙo. To ai baƙon ne. Mutane suna yaba mini, wai na tafi neman ilimi, direba kuma a ce ya tafi neman duniya. Niyya tana da bambanci a wurin Allah, ban musa ba. Amma a wurin jaririn nan da uwarsa da ta yi naƙuda ba na nan, rashin ɗaya ne. Abin da ya sauwaƙa mana shi ne mun yi maganar kafin in tafi, kuma karatun yana da ranar gamawa. Tana ƙirga shekaru, tana ganin suna raguwa.

Wannan ranar gamawar ita ce na ga babu a aikin hanya, sai in mutum ya sa wa kansa. Akwai wani dattijo da yake sallah a masallacinmu, ya fi shekara talatin yana jan tanka kafin ido ya hana shi. Na same shi a ƙofar gida na ce, "Baba, ga abin da aka tambaye ni, ku ne kuka san hanya." Ya yi dariya ya ce, "Liman, ni gida biyu na gina, amma ka tambaye ni wane ɗaki ne ya fi sanyi da bazara, sai dai in tambayi Hajiya." Na zaci zai ce a hana yaron. Ina! Cewa ya yi, "Kar ka hana shi. Da sitiyarin nan na aurar da 'ya'ya shida, biyu sun yi jami'a, na kai uwata Makka. Wanda bai ci wannan wahala ba kada ya zage ta." Sai ya yi shiru, ya ƙara da cewa, "Abin da za ka gaya masa shi ne, hanya ƙofar shigarta faɗi gare ta, ta fita ce ƙarama. Ni na ce bana ce ta ƙarshe ya fi sau goma. Duk shekara kuɗin da ake kashewa a gida sai ya tashi ya kamo abin da nake samu. Babban ɗana ranar da na zauna a gida gaba ɗaya yana da gemu. Muna gaisawa da ladabi, amma hira ba ta haɗa mu."

Ya kuma faɗi abin da ni da bakina ba zan so in faɗa ba, don kada a ce liman yana yi wa direbobi kuɗin goro. Ya ce wuraren yada zango suna da masallatai, suna kuma da abin da ba masallatai ba, kuma namijin da ya yi kwana ashirin ba gida, ga kuɗi a aljihu, babu wanda ya san shi a garin, ba ƙaramin tsoron Allah yake buƙata ba. Ya ce ya san direbobi waliyyai, waɗanda ko sallar dare ba ta wuce su a gefen titi. Ya kuma san waɗanda suka kawo wa matansu cuta har gida.

Har a ibada akwai abin lura. Allah ya yi wa matafiyi rangwame: ya yi ƙasaru, ya haɗa salloli, Juma'a ta faɗi a kansa, ya ajiye azumi ya rama. Rahama ce, kuma direba yana da cikakken haƙƙin amfani da ita. Sai dai mutum ya tambayi kansa yadda zuciya take zama in shekara ta zagayo huɗubar da ya ji ba ta fi a ƙirga da yatsu ba. Hadisi ya siffanta tafiya da yanki na azaba, mai hana mutum ci da sha da barci, ya kuma umarci wanda ya gama buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Malik ɗan Huwairis da abokansa samari kwana ashirin kacal suka yi a Madina suna ɗaukar karatu a gaban Manzon Allah, da ya lura sun yi kewar gida sai ya ce su koma cikin iyalansu su koyar da su. Kwana ashirin, kuma a gaban wa!

Kada kuma wanda yake kwana a gida ya karanta wannan ya ji ya tsira. Na san magidanta da ba su taɓa wuce Kwanar Dangora ba, amma 'ya'yansu ba su fi 'ya'yan direba ganinsu ba. Daga kasuwa sai majalisa, daga majalisa sai gidan kallon ƙwallo, a shigo sha biyun dare a kwanta da waya a hannu. Direban da yake kiran gida safe da yamma, ya san an yi wa yarinya allura, ya san wane shafi yaro yake a allo, ya fi irin wannan zama a gida.

Abin da na ce wa ƙanin nan nawa a ƙarshe ba fatawa ba ce. Na ce ba zan zaɓa maka ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma kayan da za ka sayar ku biyu kuka mallake shi, har da wasu ƙanana biyu da ba su da bakin cewa e ko a'a, kai da uwarsu ne wakilansu. Je ka ajiye mata takardar nan kamar yadda muka rubuta ta, da 65,000 ɗin da darare 26 ɗin, kada ka ƙawata ɗaya ka ɓoye ɗaya. Kuma ka bar mata ƙofar cewa a'a, domin yardar da aka karɓa da ɗaure fuska ba yarda ba ce. In kun zaɓi hanya, ku sa mata dalili mai suna da ranar ƙarewa, ba "sai abin da hali ya yi" ba. Ka kuma koma kamfanin ka yi tambaya tun kafin ka karɓi makulli, ba a fafe gora ranar tafiya: kwanakin gidan nan a rubuce suke ko a baki? In mota ta lalace ko layi ya riƙe ka, wa yake ɗaukar asarar kwanakin? In aka yi haihuwa ko rasuwa, akwai wanda zai karɓe ka? Masu kamfanonin nan da yawansu musulmi ne, wasunsu suna karanta shafin nan. Su ma su sani cewa jadawalin da suke zanawa a ofis yana shiga har cikin ɗakunan aure, kuma za a tambaye su.

Bayan kwana huɗu ya dawo. Ni a raina na gama yanke cewa matar za ta ce ya zauna. Ashe ba haka ba. Ita ce ta ce ya karɓi na dogon zangon. Ta ce ta gaji da ranar da mai gida yake aiko yaro karɓar haya tana ɓuya a ɗaki. Amma ta kafa sharuɗɗa uku: wata goma sha takwas kawai, ya mayar da ita kusa da gidan iyayenta kafin ya fara, kuma rarar kuɗin a riƙa zuba ta a asusu daban da ita ma take gani, don sayen fili. Kamfanin sun yarda su rubuta kwana huɗun, amma sun ce ba za su iya jiran haihuwa ba, akwai masu jiran motar. Suka rubuta yarjejeniyarsu shi da ita a takardar littafin makaranta, ya kawo mini na sa hannu a matsayin shaida, ya ce in ajiye a wurina, wai in wa'adi ya cika ya fara kawo uzuri in fito masa da ita.

Ranar Talatar makon jiya ya tashi da lodinsa na farko. Shekaranjiya da daddare ya kira ni daga Mokwa, a kan hanyar dawowa. Giya ta lalace, kwanansu uku suna jiran a kawo kayan gyara daga Legas. Ya tambaya ko zai ci gaba da ƙasaru. Na ce masa tunda bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba, kullum yana sa ran tashi, ya ci gaba da abinsa. Har zan kashe wayar sai ya ce, "Malam, akwai wata alfarma." An kai maiɗakinsa asibiti da yamma, sun ce ko yau ko gobe. In Allah ya sauke ta lafiya bai iso ba, yana so in je in yi wa jaririn huɗuba a madadinsa. Na ce to, Allah ya raba lafiya, ya kuma kawo ka lafiya. Ya faɗa mini suna biyu, ɗaya in namiji ne, ɗaya in mace ce. Babu takarda a kusa da ni sai waccan tasu, sai na juya bayanta na rubuta.